Finjalin Da Ba A Sha Ba

Tun da hantsi ƙamshin gahawa ya cika layinmu, amma babu wanda ya leƙa gidan Wadha ya ce a ɗanɗana masa. Kowa ya san ta yau ba ta marmari ba ce. Bayan la'asar tawagar sulhu za ta zo, kuma Shehu Mijhim, dattijon da ke sasanta mutanen garin nan, da kansa ne a gaba.

Wadha na tsaye a kicin tana juya 'ya'yan gahawar a kan wuta, mu maƙwabta muna zaune muna taya ta da baki. Ɗanta Yazan yana bakin ƙofa, ya karkatar da kai gefe guda kamar mai sauraron wani abu a cikin bango. Haka yake zama tun ranar da Ustaz Rakan, malamin aji biyar, ya ɗauke shi da mari don ya waiwaya aron abin goge rubutu. Dodon kunnensa na hagu ya fashe. Shugaban makarantar, Ustaz Adib, ya zaunar da shi a ofis har aka tashi, ya goge masa jinin da hannunsa, ya ce in an tambaye shi a gida ya ce a wurin ƙwallo ya faɗi. Yaron ya faɗi hakan kuwa. Likita ne ya dubi uwar ya ce, "Wace irin ƙwallo ce mai yatsu biyar?"

Daga asibiti Wadha ba ta biya gida ba, sai ofishin 'yan sanda. Shi ya sa yau ake tafe. Yadda ake yi kuwa bai taɓa canzawa ba: a zuba wa shugaban tawaga gahawa a finjali, ya ajiye a gabansa bai sha ba, ya faɗi abin da ya kawo shi. Mai gida na cewa "sha gahawarka," magana ta mutu. Washegari a je a janye ƙara, ranar Lahadi, farkon makon karatu a nan, Yazan ya koma ya zauna a gaban mutumin nan.

"Ni ɗana yatsa Rakan ya karya masa," in ji Tamam, matar mai gidan burodi, tana tsince shinkafa. "Motocinsu har bakin masallaci. Suka sha, suka ci kayan zaƙin nan, kunafa, suka shafa fatiha. Har yau Mu'utaz ɗina da ƙyar yake ɓalle maɓallin riga."

"Ke dai bari," in ji wata. "Ai Rakan ya jawo wa masu shago cinikin gahawa fiye da bikin aure."

Muka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Wallahi abin yana ci mini rai. Garin nan babu wanda bai san hannun Rakan ba, amma danginsa sun cika rabin unguwar tudu, shi kuwa Ustaz Adib sunan makarantarsa kawai ya sani. Kowace uwa ta ga nata, ta haɗiye.

Muna cikin haka sai ga Abu Nayif, yayan marigayi Awwad, mijin Wadha. Tun rasuwar Awwad shi ke magana da yawun gidan. Ya sha sabuwar alkyabba, ya tsaya a bakin kicin yana kauce wa hayaƙi.

"Ummu Yazan, yaron ya shiga ɗaki ya zauna har su tafi. Nayif ɗina zai zuba."

Wadha ba ta ɗago ba. "Nayif? A gidan wa?"

"Gidan ƙanena mana."

"To ƙanenka ya bar ɗa namiji. Tun yaushe baƙo ke shan gahawa daga hannun ɗan maƙwabta, ga ɗan gida a ɓoye? So kake a ce Awwad bai haifu ba?"

Abu Nayif ya dube mu, muka duƙufa kan shinkafa. Ya rage murya.

"Ki ji tsoron Allah, baiwar Allah. Shehu Mijhim ne fa. Kin san abin da ake nufi da a mayar da shi bai sha ba? Ina da 'ya'ya mata, ke ma kina da Rima. Gobe wa zai taka ƙofarmu neman aure? Wa zai tsaya mana in namu ya yi laifi?"

"Ni na ce kada ka ba shi? Mace ce ni, ina ruwana da zancen maza. Cewa na yi ɗan gida ke zuba wa baƙinsa."

Al'ada ce ta kama shi da ita, shi kuwa duk abin da yake taƙama da shi ke nan. Ya nuna audugar da ke kunnen yaron.

"To a cire wannan. Na riga na gaya musu ya warke."

"A cire," in ji Wadha.

Da kanta ta cire. Ta sa masa farar riga, ta koya masa abin da ubansa bai rayu ya koya masa ba: buta a hagu, finjali a dama, kada ka cika, kada ka zauna baƙo na riƙe da finjali. Ta gefen damansa take magana, bakinta dab da kunnensa.

"Umma, Ustaz Rakan ma zai zo?"

"Ba zai zo ba. Babansa ne zai zo."

"Idan sun sha fa?"

Ta gyara masa maɓalli na sama, wanda da ma a gyare yake.

Ana idar da la'asar suka iso. Mu mata muka taru bayan labulen da ya raba falo da cikin gida, kowa na neman kafar leƙe, Tamam tana taka mini ƙafa. Falon ya cika da jajayen rawuna da ƙamshin turare. Shehu Mijhim ya zauna a tsakiya, tsoho siriri mai sanda, Ustaz Adib a kusa da shi cikin kwat, mahaifin Rakan a can gefe ya sunkuyar da kai. Shi kam na tausaya masa. Ya tsufa da yawon ba da haƙuri.

Yazan ya shigo da buta. Ya zuba, ya miƙa. Shehu ya karɓa da murmushi, ya ajiye finjalin a kan darduma. Yaron ya ja da baya ya tsaya a gefe, fuskarsa ga ƙofa, kunnensa na hagu ga baƙi.

Shehu ya iya magana, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya yi salati, ya yabi marigayi Awwad, ya ce malami uba ne, uba kuwa hannunsa kan zarce. Ya ce an shaida masa mari ne na gyara, kuma alhamdu lillahi yaro ya samu lafiya. Ya ce garin nan gida ɗaya ne, bai kamata a ji mu a bakin hukuma ba. Kawuna suna ta gyaɗawa. Sai ya so ya rufe da abin da zai sanyaya zuciya.

"Zo nan, ɗan Awwad, in sa maka albarka."

Yazan bai motsa ba.

"Yaro, da kai nake."

Yana nan tsaye, idonsa a kan ƙofa, ya rungume buta. Tsakaninsa da Shehu bai fi tsawon sanda ba. Wani daga cikin tawagar, mai son a san da shi, ya ce, "Ai an ce mutanen zamanin da ma kurma suke so ya zuba gahawa, ba ya kwasar zance." Mutum biyu suka fara dariya, suka ga babu mai taya su, suka mayar da ita tari.

Nayif ne ya miƙa hannu ta baya ya dafa kafaɗar yaron. Abin da ya faru na gan shi da idona, kuma har na mutu ba zan manta ba. Yazan ya zabura, ya saki butar, ya duƙe, ya rufe kansa da hannu biyu. Gahawa ta malala a kan darduma har bakin alkyabbar Shehu. Ba kuka ya yi ba. Jira yake yi kawai a sauke masa.

A kusa da ni Wadha ta cusa gefen mayafinta a baki.

Abu Nayif ya miƙe da sauri, gumi na zuba masa. "Yarinta ce, Shehu, a gafarce mu. Sha gahawarka. Abin da ka zo nema ka samu."

Shi ke nan, an faɗa. Na ji Tamam ta ce "Innalillahi" a hankali. Ustaz Adib ya sauke ajiyar zuciya har da gyara zaman kwat. Shehu ya kai hannu ga finjalin, ya taɓa bakinsa da yatsa, amma bai ɗauka ba. Yaron yake kallo. Ya yafito shi da hannu, Yazan ya matso a ɗarare. Tsohon ya kama haɓarsa, ya juya kansa, ya nemi kunnen dama.

"Kai ka zuba mini. In sha?"

Yazan ya dubi baffansa, ya dubi labule. Sannan ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya, don yanzu ba ya jin nauyin muryarsa:

"Ranar Lahadi malamin yana nan?"

Shehu ya juya ga shugaban makaranta. "An yi tambaya, Ustaz."

"To, ranka ya daɗe, ka san sha'anin aiki. Akwai matakai. Ba ni ke ɗauka ba, ba ni ke kora ba. Za mu ja masa kunne sosai, in sha Allahu, kuma yaron za a mayar da shi layin baya..."

"Layin baya," in ji Shehu. "Yaron da ba ya ji daga nan zuwa nan." Ya ɗago ya dube shi. "Ustaz Adib, ni na tsufa, ƙwaƙwalwa ta fara zuba. Tuna mini, gida nawa na shiga saboda mutumin nan?"

Ustaz Adib ya hau goge tabarau.

"Ka sha a namu, Shehu!"

Tamam ce, daga bayan labule, da muryarta ta kiran yara cin abinci. Mace ta yi magana a zaman sulhu! Mijinta na cikin falon, na hango shi yana neman inda zai sa kansa. Daga bayana wata murya ta ce, "Da namu." Ban waiwaya na ga ko wace ce ba.

Kada ku ɗauka Shehu Mijhim waliyyi ne. Mutum ne mai tattalin sunansa, kuma a gaban jama'a ya gane an mayar da shi tsummar goge ƙazantar wani. Ko ma dai mene ne, ya dogara sanda ya miƙe, ya dubi finjalin da ke ƙasa.

"Ta huce," ya ce.

"A ɗumamo wata!" in ji Abu Nayif. "Ummu Yazan! A kawo wata yanzu!"

"Ku bar ta. Yau ba na sha."

Ya fita. Tawaga ta bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman takalminsa ba ya kallon ɗan'uwansa. Mahaifin Rakan ne na ƙarshe. Ya ɗan tsaya kusa da Yazan, sannan ya wuce.

Abu Nayif ya bankaɗe labule, idonsa jawur. "Kin ji daɗi? A ce gahawar gidanmu ta huce! A bakin duniya!"

"Tun da hantsi take kan wuta," in ji Wadha. Ta ratsa ta gefensa, ta durƙusa ta rungume ɗanta a tsakiyar dardumar da ta jiƙe.

Ba a janye ƙara ba. Abu Nayif ya daina gaishe ta, matarsa ta daina aiko da zaitun, wasu a unguwar tudu suka daina sayen burodin Tamam. Wadha kuwa ko finjalin ba ta wanke ba, ta ɗora shi a kan kanta, gahawar ta bushe a ciki ta bar baƙin zobe. Yazan ya zauna a gida. Mutanen ofishin ilimi suka zo da mota, suka yi tambayoyi, suka sha shayi a ofishin Ustaz Adib, suka tafi.

Wata safiya yara suka dawo da labari: Ustaz Rakan ya kwashe kayansa. Tamam ta rangaɗa guɗa a tsakiyar titi, ni ma na taya ta, ba zan ɓoye ba. Yazan ya koma makaranta, sabon malami ya zaunar da shi a layin gaba ta hannun hagu, don kunnensa mai ji ya fuskanci allo. Ustaz Adib na nan a kujerarsa, har ya yi wa ɗalibai jawabi a kan tausayi.

Ina gidan Wadha muna ɓare wake ɗana ya shigo ya ce ashe ba korarsa aka yi ba, canjin wuri ne. An mayar da shi makarantar ƙauyen da ke ƙetaren kwari.

Wadha ta ajiye kwanon. Can aka haife ta, can ƙanenta yake da iyalinsa. Ta ɗauko waya ta kira matarsa, ta buɗe murya don hannunta duk ɓawon wake ne. Suka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi kunnen Yazan.

"Najah," ta ce, "Hammam ɗinki aji nawa yake bana?"

"Ai ya girma, Yaya," in ji Najah tana dariya. "Aji biyar. An ce ma sun yi sabon malami daga wajenku."