Bugu Na Goma Sha Bakwai

Akwai wani tsoho mai gyaran agogo wanda abin mamaki ba ya wuce shi. Duk agogon bangon da aka kawo masa, in ya gyara, sai ya naɗi bugunsa a waya kafin mai shi ya zo ɗauka. Da wayar ta cika, 'yarsa mai aikin kwamfuta ta buɗe masa shafi a intanet, ya riƙa zuba su can yana gogewa daga wayar. Sun kai tamanin. Amma na goma sha bakwai shi ne ransa. Agogon na cikin buga ƙarfe huɗu atishawa ta kama tsoho, matarsa ta tuntsire da dariya daga bakin ƙofa. Ta rasu bayan shekara ɗaya, muryarta da ta rage a duniya ke nan. Kullum da safe sai ya ji ta kafin ya zauna kan benci.

Wata safiya ya latsa, shiru. Shafin ya sabunta kansa, makunnin sauti ya ƙi aiki. 'Yar ta gyara kafin azahar, amma tsoho ya riga ya tsorata. Ya laluba har ya gano inda ake kashe sabuntawar, ya kashe. A sana'arsa, agogon da ke tafiya ba a buɗe masa ciki. Shekara biyu gargaɗi na zuwa yana kore shi kamar ƙuda.

Ran nan ya buɗe shafi, sai ga wani ƙato mai sanƙo yana murmushi, riƙe da kwalbar maganin tsirar gashi. Ya latsa na goma sha bakwai, sanƙo. Ya latsa na ɗaya, sanƙo. Hantsakin gyaran agogo ya suɓuce daga hannunsa.

'Yar ta baro ofis ta zo. Ta jima tana duba kwamfuta, sannan ta ɗago a hankali.

"Baba, wa ya kashe wannan?"

"Ai lafiya lau yake tafiya, Uwata."

"Innalillahi! Ƙofa ce fa, Baba, ba agogo ba. Ɓarayi suka gano kwaɗon ya lalace, masu shi suka aiko maka sabo sau goma sha ɗaya, kai kuma kana korar ɗan aike. Sun share komai."

"Har da Innarki?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta zabura. "Tsaya! Na ce ka riƙa ajiye kwafi duk wata. Ka ajiye?"

"Ban taɓa fashi ba."

Ta dafe ƙirji ta yi hamdala. Tsoho ya ja aljihun benci, ya fito da littafin da yake zana cikin agogo kafin ya kwance shi. Ga shafin intanet ɗin nan kaf ya kwafe da biro, har da zanen makunni. Ta karanta da ƙarfi: "Na goma sha bakwai. Tan, tan, tan, atishawata, tan. Sai dariya."

Ta dube shi baki buɗe. Hawaye na zuba, amma dariya ta ƙwace mata, irin mai farawa daga hanci ta ƙare da shaƙewa, sak ta Innarta.

Tsikar jikin tsoho ta tashi. Ya waiga bakin ƙofa, ba kowa. Ya juyo ya dubi 'yarsa, yana laluben waya.

"Sake, Uwata. Don Allah sake."

Ta gwada, dariyar ta ƙi fitowa.

Kafin ta tafi ta gina masa sabon shafi fayau. Ta ce gyaran kwaɗo zai riƙa shiga da kansa, kada ya kuskura ya taɓa. Manyan canje-canje kuwa su jira sai ta ɗauki kwafi, na gaske. Ya gyaɗa kai kawai.

Tun daga ranar, in ta zo gaishe shi, wayar na kan benci tana naɗa, shi kuwa yana ta ƙoƙarin yin atishawa.