Ƙwarya a Ka

Ranar Asabar ɗin da za a nuna fim, Esta ta so ta ce kanta ke ciwo. Amma ina! Rose ta riga ta yi wanka tun hantsi, ta shafa mai har tana ƙyalli, tana ta zagaye tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

"Mama, ki yi sauri mana! Baba fa yana ciki. An ce har fuskarsa an nuna."

Baban nata Shekwolo ne, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa ta Minna, mutumin da bakinsa ba ya hutu. Ko akuya ce ta gifta sai ya samu abin tsokanarta. Bara wani saurayi mai suna Kambai ya zo garin da na'urar ɗaukar hoto da abokai uku, ba gwamnati ce ta aiko shi ba, ba kamfani ba, shi da kansa ne kawai. Ya tara mutanen gari suka yi masa wasa. Yanzu ga shi a 1973 an ce fim ɗin ya je Ikko, ya ƙetare teku, Turawa sun tafa masa har sun ba shi lambar yabo. Shi ne ya dawo da shi don masu gari su ga kansu.

Abin da ke damun Esta shi ne labarin. An ce kan rikicin 1966 ne, lokacin da aka far wa Ibo a garuruwan Arewa. Ita kuwa tana da abin da ta binne a wannan shekarar, kuma abin nan shi ne ke jan hannunta yanzu yana cewa ta yi sauri.

Rose ba ita ta haife ta ba. 'Yar maƙwabciyarta ce, Obiageli, 'yar Ibo, matar wani akawun jirgin ƙasa. Mijin ya fita ranar da aka fara rikicin bai dawo ba. Washegari da safe, Shekwolo na wurin aiki bai ma san me ake ciki ba, Esta ta tuɓe wa Obiageli rigarta, ta ɗaura mata baƙin zane irin nasu na matan Gbagyi, ta ɗora mata ƙwaryar doya a kafaɗa. Matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka. Kai shi ke yi wa jiki tunani, ba a mai da shi jaki. Ta ce mata, "Ki riƙe a kafaɗa, kada ki yi magana da kowa. Ni zan wuce gaba da yarinya. Idan muka tsallake layin dogo, mun tsira." Ta goya 'yar shekara uku, ta yi gaba. Ta tsallake. Ta ji ihu a bayanta, ba ta waiwaya ba, don ta yi rantsuwa ba za ta waiwaya ba. Ta kai ƙauyensu kusa da Kuta, ta shekara biyu can, ta dawo da 'ya. Waɗanda suka gane sun ja bakinsu. Rose kuwa ba ta san wata uwa ba sai ita, kuma Esta ta fi son ta mutu da a ce yarinyar ta ji.

Shekara bakwai tana tambayar kanta yadda aka yi suka gane Obiageli. Ɗaurin zanen ne bai yi ba? Ta manta ta cire mata 'yan kunne? Shekwolo ya ce shi yana can cikin sito yana sauke buhuna, bai ga komai ba.

A wani tsohon siton kaya aka yi nunin, bayan azahar. An toshe tagogi da buhunan gyaɗa, an kafa farin ƙyalle, injin wuta na ta ɓaɓatu a waje. Zafi kamar a gasa mutum. Shekwolo bai zauna da su ba, ya tsaya can bakin ƙofa, wai yana taimakon masu shigar da mutane.

Da farko dariya aka yi ta yi. Wannan ya ga surukinsa, wancan ya ga kekensa. Da aka nuno Gwaggo Hajjo mai nono tana tafiya tana yanga, sai da sito ya ɗauka gaba ɗaya, ita kuma ta rufe fuska da gyale tana cewa a bar ta. Daga nan dariyar ta fara janyewa. Aka ga shaguna a rufe, aka ga samari da sanduna suna tare mutane suna tambayar kowa daga ina yake. A siton ba a jin komai sai tari da kukan wani jariri.

Sai ga ɗaki. Mata biyu. Ɗaya tana ɗaura wa ɗaya baƙin zane.

Esta ta gyara zama. Ta ce a ranta, ai ba ni kaɗai na yi haka ba, mutane da yawa sun ɓoye maƙwabtansu. Amma ga ƙwaryar doya. Ga yarinya a goye. Ga ta gaban tana sauri kanta a sunkuye. Wannan ba labarin kowa ba ne sai nata, kuma mutum ɗaya tak ta taɓa faɗa wa.

Ta juya ta dubi bakin ƙofa. Shekwolo ba ya kallon ƙyallen, ƙasa yake kallo.

A fim, ta gaban ta tsallake layin dogo ta ɓace. Na'urar ta tsaya kan ta bayan. Abin da Esta ba ta taɓa gani ba ke nan, yau za ta gani. Matar tana tafiya, ƙwarya na zame mata, kafaɗar da ba ta saba ba ta gaji. Ta gyara. Ta sake zamewa. Saura taku kaɗan ta kai layin, doya ɗaya ta nemi faɗuwa, sai hannayenta suka yi abin da suka saba yi tun tana yarinya. Suka ɗaga ƙwaryar suka ɗora a ka.

Matan Gbagyin da ke cikin siton suka ja numfashi a tare. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, 'yar nan!"

Sai aka nuno wani ɗan dako zaune kan buhu, yana kallon bayan matar, bakinsa fal dariya. Shekwolo ne.

"Ga Baba! Mama, ga Baba!" Rose ta miƙe tana tafi.

Shekwolon cikin fim ya ɗaga murya, irin yadda yake yi kullum idan ya samu abin tsokana: "Ke 'yar uwa! Tun yaushe matan Gwari suka fara ɗaukar kaya a ka?"

Matar ta waiwayo. Dariyar ta mutu a fuskarsa, don ya gane ta. Samarin da ke zaune a gindin mangwaro su ma sun ji, suka miƙe ɗaya bayan ɗaya.

Esta ba ta ga sauran ba. Idonta a buɗe yake amma ba ta gani. Ta san mijinta. Shekwolo bai iya kwaikwayo ba, ko ƙaryar ya ci abinci a waje ba ya iya yi ba tare da ta kama shi ba. Fuskar nan da ta gani a ƙyalle ba Kambai ne ya koya masa ita ba. Ashe ba zanen ba ne, ba 'yan kunne ba ne. Shekara bakwai yana kwana kusa da ita, yana jin tana kuka tana cewa ita ta kashe matar, bai taɓa buɗe baki ba. Ya je ya faɗa wa baƙo mai na'ura, Turawa sun gani sun tafa, ita ce ta ƙarshen ji.

Aka cire buhunan tagogi, haske ya shigo. Mutane suka fita ba hayaniya. Wasu dai suka tsaya suna dafa kafaɗar Shekwolo. "Kai, mutumina, ashe ka iya haka? Wallahi kamar gaske!" Shi kuwa ya kasa ko da murmushi.

Suka kama hanyar gida su uku. Rose na gaba tana tsalle. Ta tsinci wani fasasshen gwangwani ta ɗora a ka, ta ƙanƙance murya tana kwaikwayon babanta: "Ke 'yar uwa! Tun yaushe matan Gwari..."

"Sauke shi!"

Esta ba ta san ta iya irin wannan tsawar ba. Gwangwanin ya faɗi. Rose ta tsaya, idonta ya ciko, don ba ta san laifin da ta yi ba.

Shekwolo ya ce a hankali, "Esta, ban san ita ce ba. Bayanta na gani. Wasa nake yi, Allah ya sani. Kullum ina so in faɗa miki, sai in ga fuskarki in kasa."

Esta ba ta ko dube shi ba. Tana jin haushinsa tana jin tausayinsa, kuma haushin ya fi yawa.

Rose ta goge ido, ta dubi wannan ta dubi wancan. Yarinya ce mai kai, ta ji "ita" ɗin nan ba ta fim ba ce.

"Mama, to 'yar da aka goya fa? Ba su nuna inda aka kai ta ba."

Sun zo daidai layin dogo. Esta ta tsaya. Ta shekara bakwai tana tsoron wannan tambayar, ta tanadi ƙarya iri-iri, yau ta nemi ko ɗaya ta rasa. Ta kama hannun yarinyar, ta riƙe gam, sa'an nan ta juya ga mijinta.

"Baban Rose, ka iya faɗa wa duniya. To ga ta nan. Faɗa mata sunan matar."

Shekwolo ya durƙusa a kan tsakuwar layin, har kansa ya zo daidai da na yarinyar.

"Obiageli," ya ce.

Rose ta gwada sunan a bakinta, ya fito mata daidai, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sa'an nan ta ɗaga kai ta dubi Esta.

"Mama, kin san ta?"