Ranar Ɗaura wa Tabita Ɗankwali

Barnaba mai walda shi ya aske wa matarsa kai da hannunsa, ranar wata Alhamis da yamma, a tsakar gidan da suke haya a Ƙofar Ƙaura. Tabita ce ta ɗauko rezar ta miƙa masa. Tun da aka fara yi mata allurar ciwon daji gashin ke zuba, a matashi, a bokitin wanka, rannan har cikin miyar kuka. Abin da ya rage tsibi-tsibi ne, kamar gonar da awaki suka kwana a ciki.

"Kwashe shi, Baban Lidiya," in ji ta. "Na gaji da tsinta."

Ya kwashe. Ransa bai ce masa komai ba. Ya share gashin ya ƙulle a leda, ita kuma ta maida ɗankwalinta ta koma hura wuta. Ban da su biyu ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ɗankwalin nan.

Shekararsa tara yana cikin dattawan ikilisiya. Cocin ƙarami ne, da Hausa ake sujada, maza a dama, mata a hagu. Namiji ya tuɓe hula a bakin ƙofa, mace ta rufe kai kafin ta buɗe baki ta yi addu'a. Haka aka koya musu: gashi darajar mace ne, aski kuwa abin kunya ne a gare ta. Barnaba bai yi nisa a karatu ba, amma wannan ya riƙe shi gam. Bara ma shi ya tsaya kai da fata sai da aka maida wata ɗaliba bencin baya wata uku, don ta dawo hutu da aski irin na maza.

To a watan nan ne zumuntar mata ta zaɓi Tabita shugaba, bayan shekara ashirin da biyu tana buga musu tulu a waƙa. Ba ta taɓa neman komai a cocin ba sai wannan. Al'adarsu kuwa, ranar keɓe shugaba, matar Fasto, wadda kowa ke kira Mama, ita ke kwance wa sabuwar shugaba tsohon ɗankwalinta a gaban jama'a, ta ɗaura mata shuɗin na zumunta.

"Ka je ka gaya wa Fasto," in ji Tabita. "Ya ce wa Mama ta ɗora sabon a kan tsohon. Shi ke nan."

Ran Asabar ya je. Ya tarar da Fasto Filibus yana cin gyaɗa a gindin dalbejiya. Suka gaisa, gida, aiki, jikin Tabita, ya ce da sauƙi. Daga nan suka shiga zancen ƙyauren coci da ya saki, yana son walda. Barnaba ya duba ƙyauren, ya gwada shi da taku, ya yi sallama ya hau babur.

"Ka gaya masa?" in ji ta da ya dawo.

"Na je."

Ta dube shi kaɗan, ta ce, "To."

Ran Lahadi coci ya cika har da masu leƙe ta taga. Barnaba na zaune a bencin dattawa, hularsa a kan gwiwa. Aka kira Tabita ta durƙusa a gaban bagade. Mama, matar Fasto, ta zo tana fara'a, ta kama bakin ƙullin ta ja.

Kan ya fito fes, yana ɗaukar hasken taga. Wadda ke buga tulu ta tsaya. Wata a baya ta ce "Yesu!" Mama ta yi maza ta naɗa shuɗin, amma sabon yadi ne mai santsi, babu kitson da zai riƙe shi, ya zame zuwa kunne. Ta sake naɗawa, ya sake zamewa. Sai Tabita ta sa hannu ɗaya ta danne shi, ta miƙe a haka ta yi addu'ar da aka ce ta yi, muryarta daidai kamar mai karanta sanarwa.

Tsakaninsa da ita taku huɗu ne, amma ɓangaren mata ne. Barnaba ya zauna yana kallon ɗinkin hularsa. Ya jira ya ji kunya, ko tausayi, ko haushin kansa, bai ji ko ɗaya ba. Cikinsa ne kawai ya yi ƙugi, ya tuna bai karya ba.

Da aka tashi Fasto ya ce dattawa su tsaya. Su huɗu ne a ɗan ɗakin da ake ajiye kujeru: Fasto, Barnaba, Malam Babaji tsohon malamin firamare, da Ado direba, kawun ɗalibar nan ta bara.

Malam Babaji ya gyara tabarau. "Magana ɗaya ce, ba biyu ba. In gashin zuba ya yi don ciwo, wannan hannun Ubangiji ne, ba mu da ta cewa. In kuwa reza ta hau kai, aski ne, kuma mace mai aski ba ta shugabantar mata a gidan nan."

"Ba ni na faɗa ba," in ji Ado, yana kaɗa makullin mota. "Dattijo Barnaba ne ya koya mana. Da na ce yarinyarmu ƙwarƙwata ta ɗebo a makaranta, me ka ce mini? Ka ce dokar ba ta san ƙwarƙwata ba. Ko na ƙara gishiri?"

"Ba ka ƙara ba."

Fasto ya matso da murya ƙasa-ƙasa. "Dattijo, zuba ya yi, ko? Ka ce zuba ya yi mu je mu ci abinci."

Barnaba ya gane ƙofa ce aka buɗe masa. Amma kowa ya ga kan, ciwo ba ya share kai sumul haka har bayan kunne, kuma Ado zai kai maganar tasha kafin la'asar.

"Rabi ya zuba," ya ce. "Sauran ni na aske."

"Ita ta ce ka aske?" in ji Malam Babaji.

"Ni na riƙe rezar. Kun ce miji ne kan mace. To kan ne ya yi aski, ku hukunta shi."

Aka yi ta ja har ladanin masallacin bayan coci ya kira azahar. Malam Babaji ya ce ba a taɓa yin irin wannan ba. Ado ya ce shi dai a ga wani a bencin baya, ko wane ne. A ƙarshe Fasto ya yanke: Tabita na nan a shugabancinta, Barnaba ya sauka daga bencin dattawa, ya koma baya wata uku, ba zai karɓi gurasar Jibin Ubangiji ba.

Da Barnaba ya koma gida ya tarar da Tabita kwance a tabarma a inuwar ɗaki, kan a buɗe, shuɗin ɗankwalin a ninke a gefenta.

"Me suka ce?"

"Kina nan."

"Kai fa?"

"Bencin baya. Wata uku."

Ba ta tambaye shi abin da ya hana shi faɗa wa Fasto ba, shi ma bai kawo zancen ba. Ta juya ta fuskanci bango.

"Yadin nan ba ya zama," ta ce. "In ka shiga kasuwa gobe ka samo mini 'yar hular saƙa da zan riƙa sawa a ciki. Laraba akwai zumunta, ni zan buɗe da addu'a."

"Laraba ce ranar allura."

"Da safe ce allurar."

Ya ce to. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ƙafafunta, ya tuɓe takalmi, ya fara cin tuwon da ta rufe masa, wanda ya riga ya huce.