Baƙuwar Baba

A taswirar da ke bangon ofis, unguwar su Auta ce kaɗai ta yi ja wur, kamar maruru ya nuna.

Aikin Auta shi ne auna iskar da ke ɗumama duniya, wadda motoci da injuna da murahun birnin ke fitarwa. Ba ya yiwuwa a bi gida gida, don haka sai a kafa na'ura ɗaya a rufin wani gini, abin da ta shaƙa a ɗora wa unguwar baki ɗaya. Aiki ne mai cin rai. Ta sha hawa tsani har gwiwoyinta suna ƙara, ta kuma sha kora, domin duk wanda ta roƙa aron rufinsa sai ya ce leƙen asirinsa aka zo yi. A unguwarsu ma haka aka yi ta yi mata, har ta gaji ta kai na'urar gidan burodin mahaifinta, ta ɗaure ta can ƙarshen rufi, nesa da bututun hayaƙin tanderu.

Baba kuwa kamar an ba shi sarauta. "Baƙuwata" yake kiran na'urar, kuma duk wanda ya zo sayen burodi sai ya ji labarin karatun Auta, ko yana so ko ba ya so.

"Injiniya, aikinki ya yi kyau," in ji shugaban sashensu wata rana a gaban taswirar, yana murza idanu. "An yanke shawara. Duk tanderun itace da ke jar unguwar nan za a rufe shi."

Tanderun itace ɗaya ne a unguwar, kuma da shi aka raine ta.

Da yamma ta je gidan burodin, ta wuce ta hau tsani ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ƙarshen rufi wayam, sai guntun waya. Na'urar tana can jingine da bututun hayaƙi, an yi mata 'yar rumfa da kwano, an goge ta tas.

"Baba, wa ya matsar da ita?"

Ya ɗago kai daga ƙasa, gari har a girarsa, yana murmushi. "Ni mana. Tun farkon damina. Na ga ruwa yana dukan baiwar Allah, na ce kayan aikin 'yata ba zai lalace a gidana ba. Nan gindin bututu akwai ɗumi."

"Tun farkon damina?"

"Kullum sai na hau na share ta, da wannan bayan nawa. Ko na yi ɓarna ne, Auta?"

Ta dubi hannuwansa da wuta ta gasa shekara da shekaru. Wata irin gajiya ta sauko mata, har ta rasa ƙarfin yin fushi.

"A'a, Baba. Sannu da ƙoƙari."

Washegari ta tsaya gaban shugaba ta zayyana masa komai: hayaƙin bututu ɗaya na'urar ta yi ta shaƙa, aka ɗora wa unguwa guda. Ya saurare ta har ta kai aya. Ba mugu ba ne, shi ma aikin ya tsotse shi.

"Rahoto ya riga ya wuce sama, Injiniya. In na ce a janye, wahalar shekara ta tashi a banza, har ta sauran unguwanni. Kuma tsakaninki da Allah, hayaƙin nan ƙarya ne?"

"Ba ƙarya ba ne, Yallaɓai. Amma bai kai abin da muka rubuta ba."

"To, a sake aunawa baɗi."

Tanderun bai kai baɗi ba. Ranar da aka zo rufe shi Auta ba ta je ba, ba za ta iya ba. Tana zaune gaban kwamfuta ta ga layin awon hayaƙin unguwarsu yana gangarowa a hankali, har ya kwanta. Kafin mako ya zagayo ja ya koma kore. Abokan aiki suka kewaye teburinta suna tafi, wai ba a taɓa ganin unguwar da ta rage hayaƙi haka ba a duk birnin.

Ana cikin tafin wayarta ta yi ƙara. Ta fita baranda ta ɗauka.

"Auta, kina aiki ko? Ba zan tsare ki ba." Muryar Baba ta dushe, kuma a bayansa babu ƙarar faranti, babu hayaniyar masu saye. "Dama baƙuwar nan ce. Bututun ya huce, yanzu babu ɗumi a wajen. In rufa mata buhu, ko zai hana ta aiki?"