Bijimin da Baba Ya Zaɓa wa Layya

Bara, maruƙa uku aka haifa wa Radiyya a mace, ƙashin baya a murɗe, ƙafafu a sandare. Ita da take aikin binciken gadon halittar dabbobi a wani ɗakin gwaji a Beltsville, kusa da Washington, ga shi ciwon gado ya shigo mata garke ba sallama. Haushin da ta ji ba ya faɗuwa.

Garken ma bai taka kara ya karya ba. Shanu goma sha biyu ne da bijimai biyu, baƙaƙen nan marasa ƙaho da tozo, a filin da ita da mijinta Kamal suka kama haya kudu da garin Clinton. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tsige musu gashin jela ta aika gwaji. Sakamako ya nuna shanu biyar na ɗauke da ciwon a ɓoye, haka ma babban bijimin. In uwa da uba duk suna ɗauke da shi, a maruƙa huɗu sai a yi asarar ɗaya. Gajeren bijimin kuwa ya fita tas, kuma lambobin hasashen zuriyarsa, na sauƙin haihuwa da saurin girma, sun kere na babban nesa ba kusa ba. Shekara biyu ta yi tana neman irinsa.

Ana haka mahaifinta, Malam Muntaka, ya zo ganin jikoki. Shekara arba'in ya yi yana dillancin shanu a karar Wudil, saboda haka ba ka isa ka gaya masa sa da takarda ba. Ya zagaya babban bijimin, ya daddaki ƙirjinsa, ya buɗe haƙoransa.

"Wannan ne sa," in ji shi. "Wancan guntun kuma ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara."

Radiyya ta baje takardu a kan bayan mota, ta yi bayani har muryarta ta dushe. "Baba, babban nan yana da cuta a jininsa, ido ba ya ganinta. Gajeren ne lafiyayye. Shi ya sa babban za mu yanka da layya."

Tsoho ya gyaɗa kai. "Kin tabbata da cutar?"

"Ɗari bisa ɗari, Baba."

"To, na gamsu."

Ranar ta koma gida da fara'a, har tana yi wa Kamal alfahari wai ta musuluntar da Baba a kan kimiyya.

Ran Babbar Sallah, da aka sauko daga idi, maza suka wuce gona, ita ta tsaya a gida da tukwane. Wajen azahar ta ɗauki robobin zuba nama ta bi su. Tun daga bakin shinge ta ja ta tsaya. Ga babban bijimin can tsaye ƙalau, yana tuƙa abinsa. A ƙarƙashin bishiya kuwa an shimfiɗa leda, nama kashi bakwai, na gidaje bakwai da suka yi tarayya.

"Abban Zahra!" Ta finciko Kamal gefe. "Kana tsaye aka yi wannan? Kana kallo?"

Kamal ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma. "Na buɗe baki zan yi magana, ya kalle ni. Ki gaya mini, ta ina zan fara yi wa surukina musu a gaban mutane?"

Ta nufi mahaifinta, ta durƙusa kamar yadda ta saba. "Baba, wanne na ce a yanka?"

"Babban kika ce." Yana juya tsinken hanta a kan garwashi, hankalinsa kwance. "Amma ke da bakinki kika ce yana da cuta, ɗari bisa ɗari. Ni da hankalina in kai wa Ubangiji marar lafiya, in ɓoye lafiyayye a bayana? Na ɗauki alhakin gida bakwai ke nan."

"Baba, ba irin cutar da ke ɓata layya ba ce! Shi ƙalau yake, 'ya'yansa ne..."

"Da ban sani ba, da sauƙi. Ai kin sanar da ni." Ya dube ta da tausayi sosai. "Karon farko ke nan da na bi takarda na bar idona, Radiyya. Don ke na yi."

Ta so ta yi ihu har a ji ta a Washington, amma wa za ta yi wa? Ya miƙo mata tsoka mai zafi a kan wuƙa, ya ce ta yi bismilla. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa a baki, hawayen takaici na zubo mata. Abin da ya ƙara ƙona mata rai, tunda take ba ta taɓa cin nama mai laushi da daɗi irin wannan ba, kuma gajeren bijimin nata ko maraƙi ɗaya bai bari ba.