Idon Aro

Alhassan ne ke haɗa hotunan talla a wani kamfanin gadaje da kujeru a Sharada. Tun kafin kafinta ya ɗauki zarto, shi ya gama gina gadon a kwamfuta, ya sa shi a ɗaki, ya kunna masa fitila, sai ka rantse da kyamara aka ɗauka. Hoton dare ne gwanintarsa: fitila ɗaya a gefen gado, haskenta ya bugi bango ya dawo a hankali, ƙarƙashin gado da duhu amma ba baƙi ƙirin ba.

Sai dundumi ya kama shi. Da rana garau yake gani, da haske ya ragu kuwa komai sai ya haɗe masa. Ya san Hajiya Safara'u, mai kamfanin, ba ta ajiye abin da ya fara lalacewa, inji ne ko mutum, don haka ya ja bakinsa ya tsuke. Mutum ɗaya ya faɗa wa, Jamilu abokin aikinsa, wanda ke goya shi a babur zuwa gida a Panshekara kullum kafin magariba. Suka yi shiri, Alhassan ya jera fitilun hoto, Jamilu ya duba masa duhun. In ya ce ƙara a ƙara, in ya ce rage a rage.

Jamilu kuwa irin mutanen nan ne da kan riga ka yin sallama, su riƙe hannunka har ka gaji. Amma ladabin na ganin ido ne. Ya daɗe yana hangen kujerar Alhassan.

Da Hajiya ta buƙaci hoton sabon gado cikin dare, don allon talla a Bompai, sai Jamilu ya faki ido ya rage hasken fuskar kwamfutar Alhassan, sannan ya zauna yana cewa a ƙara. Aka ƙara ta gefen gado, aka ƙara ta silin, aka cika wa farin wata ƙarfi ta bayan labule. Alhassan ya yi shakka, don bai taɓa kai fitila nan ba. Amma da wane ido zai yi musu?

Ranar nuni aka sa hoton a babbar talabijin ta ofis, gaban kafintoci da masu ɗinkin kujera. Ɗakin ya fito fayau, ko inuwa babu.

Hajiya ta ce, "Malam Alhassan, dare na ce. Wannan ai azahar ce a bakin kasuwa."

Jamilu ya sunkuyar da kai, ya roƙi a yi wa ɗan'uwansa uzuri, wai lalurar ido ce, ba sakaci ba. Alhassan ya rantse idonsa ƙalau. Tsoro ne ya sa shi rantsuwar, kuma ita ta ƙarasa shi.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka kai shi tsakiyar sito, inda babu taga, aka kashe fitila, aka bar ƙofa a ɗan buɗe. Kowa yana ganin hanya. Ta ce ya tako ya same ta.

Ya miƙa hannu yana lalube. Ya yi karo da kujera, ya kauce, sai ƙaurinsa ya daki ƙafar gadon da shi ya zana. Wani ya fashe da dariya, saura suka ɗauka. Jamilu ne ya je ya kamo hannunsa yana ta jera masa sannu, ya fito da shi kamar tsoho.

Kafin la'asar sakaliya an sallame shi. Ya tsaya a bakin get kusa da babur ɗin, jini ya bushe a wandonsa, kunya ta hana shi kallon kowa, kuma duk da haka yana jira, don ba shi da wani mai kai shi gida. Can Jamilu ya leƙo, ya ce Hajiya ta ba shi gyaran hoton, yau ba zai tashi da wuri ba.

"Ka yi sauri ka kama hanya, ɗan'uwa. Rana ta kusa faɗuwa."