Titin Chicago a Bukit Bintang

Ɗelu tana kwashe shanya a barandar gidansu da ke unguwar Titiwangsa, a ƙasar wajen da mijinta ke karatu, sai ga kiran Gwaggo, mahaifiyar mijinta, daga Kano. Ko sallama babu.

"Yaushe Abdulwahidu ya tafi Amurka ba ku gaya mini ba?"

"Amurka kuma, Gwaggo? Da safen nan ya ce mini laburare za shi."

"Duba abin da ƙaninsa ya turo miki."

Gajeren bidiyo ne, daga saman bene aka ɗauka. Ga motocin 'yan sanda an rubuta Chicago a jikinsu, ga Turawa riƙe da bindigogi. Wani baƙar fata ya fito a guje, aka ji harbi, ya kife a kan kwalta. Shuɗiyar rigar da ta goge wa Abdulwahidu jiya ce a jikinsa.

Ta kira lambarsa, a kashe. Ta sake kallon bidiyon, sai idonta ya faɗa kan wani allo a gefe. Allon shagon abincin mamak ne, inda sukan ci gurasar roti idan sun je unguwar Bukit Bintang. Ta zura hijabi ta yi tashar jirgin monorel.

A cikin jirgin ba ta iya zama ba. Gwaggo na ta kira, ta kasa ɗagawa, don ba ta san abin da za ta ce mata ba.

An tare bakin layin da igiya. Wani mai gadi ya ɗaga mata hannu. "Tak boleh, kak. Shooting."

Ba shiga, ana ɗaukar fim yake nufi, ita kuwa harbi ta ji. Ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar ta kutsa, yana binta yana magana. Ta wuce motocin nan, ta yi tuntuɓe da wayoyin lantarki, sannan ta ga kyamarori da manyan fitilu. Abdulwahidu na zaune a bakin titi, ƙirjinsa jajur, yana cin shinkafa a roba.

Ya miƙe da cokali a hannu. "Ɗelu? Me ya kawo ki?"

Sai da ta shafa ƙirjin, ta ji fenti na danƙo a yatsunta, sannan ta zauna.

"Fim ne," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Baƙaƙe suke nema. Karɓe wayoyi suke yi a ƙofa. Na ɓoye miki ne saboda bizar ɗalibi ba ta yarda da irin wannan aikin ba."

"To bidiyon ya kai Kano."

"Wa da wa suka gani?"

"Ban sani ba. Fara da mahaifiyarka."

Ta miƙa masa wayarta. Ya juya wa kyamarorin baya, ya rufe jan da ke ƙirjinsa da tafin hannu, ya danna kiran bidiyo.